Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Sanatoci Da 'Yan Majalisar Wakilan Jihar Sakkwato: Ku Yi Wa Baƙo Tambayar Da Sarkin Musulmi Bello Ya Yi

Assalamu alaikum, masu girma, ranku ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku, ina rubuto wannan takarda gare ku, ku 14 da muka tura Abuja: sanatoci 3 da 'yan majalisar wakilai 11. Ni tsohon malamin tarihi ne da ya ajiye alli, ba na neman kwangila, ba kuma na riƙe da katin kowace jam'iyya. Abin da ya sa na ɗauki biro tambaya ce da wani yaro ya yi mini, na ga ku ya kamata ku amsa masa.

Ranar Juma'a 26 ga Disamba 2025, na fito daga sallar asuba ke nan, sanyin hunturu na ratsa mayafi, sai wayata ta yi ƙara. Ɗan ƙanwata ne da ke noma a wajen Jabo, cikin ƙaramar hukumar Tambuwal. Bai ko ƙarasa gaisuwa ba. Ya ce da dare sama ta yi ja, gidaje suka girgiza, mata suka fito da yara a goye ba su san inda za su nufa ba. Da gari ya waye mutane suka yi cincirindo a gona suna kallon guntayen ƙarfe, yara na tsinta kamar sun sami abin sayar wa 'yan gwangwan. A rediyo suka ji cewa Amurka ce. Sai ya ce da ni, "Kawu, mi munka yi ma Amurka?"

Gwamnatin tarayya ta ce da saninta da amincewarta aka kai harin, an nufi maɓoyar 'yan ta'adda ne a dajin Bauni da ke Tangaza, abin da ya faɗo Jabo da Offa ta Jihar Kwara kuwa ɓaraguzai ne. Ba ni da hawayen da zan zubar wa Lakurawa. Wanda ya san abin da mutanen Tangaza da Gudu suka gani a hannunsu, daga karɓar zakkar dole ta dabbobi zuwa bulalar matasa, ba zai yi musu juyayi ba. Amma yaron bai tambaye ni wa aka nufa ba. Ya tambaye ni dalili. Me ya sa a wannan shekarar, me ya sa a wannan daren, bayan shekara da shekaru ana kashe mu a Sabon Birni da Isa da Goronyo da Rabah ba wanda ya waiwayo daga Washinton? Amsar tana can cikin gidan Amurka, a akwatunan zaɓenta da majami'unta da irin labarin da take ba kanta game da kanta.

Ku ba ni dama in koma baya kaɗan, sana'ata ce.

A watan Maris 1824 wani jami'in sojan ruwan Ingila, Hugh Clapperton, ya iso wannan birni, aka sauke shi a gidan Waziri Giɗaɗo. Da ya shiga gaban Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya baje kyaututtukan da ya zo da su, ya kawo maganar ciniki da ta hana cinikin bayi. Sarkin Musulmi ya saurara, sannan ya shiga jero masa tambayoyi kan Turai. Daga ciki har ya tambaye shi, su Ingilishi wace ɗariƙa suke bi a Kiristanci, Nasɗurawa ne ko mabiya Sosinus? Clapperton da kansa ya rubuta cewa tambayar ta ɗaure masa kai, ya dai kuɓutar da kansa da cewa su Furotesta ne. Ku dubi wannan da kyau. Baƙo ya zo da zancen kasuwa, mai gida yana tambayar aƙidar mutanen garinsu. Bello ya san cewa manzo ba da bakinsa yake magana ba, da bakin waɗanda suka aiko shi ne, su ma akwai waɗanda suke tsoro a gida. Kuma ya yi daidai, domin maganar bayin da Clapperton ya zo da ita ta fito ne daga gwagwarmayar masu kishin addini irin su William Wilberforce, waɗanda suka matsa wa majalisar Ingila har ta haramta cinikin a 1807. Da Baturen ya dawo a 1826, labarin yadda Ingilishi suka shiga Indiya da sunan ciniki suka ƙare da mulki ya riga shi isowa, ya tarar fuska ta canza. A nan ya rasu a Afrilun 1827. Shekara 79 bayan zuwansa na farko, a Maris 1903, sojojin Lugard suka tsaya a filin Giginya, kuma hana bauta na cikin hujjojin da aka gabatar wa mutanen Ingila.

Tambayar Bello nake so ku riƙa yi. Wane ne wannan baƙo a gidansu? Wa ya zaɓe shi, wa yake tsoron ɓata wa rai?

Amurka ƙasa ce da ta tashi da zuciya biyu. Ta farko tun 1630, lokacin da John Winthrop ya ce wa Turawan da suka yi ƙaura saboda addini za su zama kamar birni a kan tudu, idon duniya na kansu. Daga nan aka gaji tunanin cewa Amurka zaɓaɓɓiya ce, an ɗora mata gyaran duniya. Ronald Reagan ya yi ta maimaita wannan kalma har ranar bankwanansa. Zuciya ta biyu ita ce ta George Washington, wanda a jawabinsa na barin mulki a 1796 ya gargaɗe su da kada su ɗaure kansu da ƙawance na dindindin da ƙasashen waje. Wannan zuciyar ce ta sa majalisar dattawansu ta ƙi shigar da ƙasar Ƙungiyar Haɗin Kan Al'ummai bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, alhali shugabansu Woodrow Wilson ne ya kawo shawarar kafa ta. Ita ce kuma yau ake kira "Amurka Farko". Kowane shugaba yana lallashin zukatan nan biyu, gwargwadon wadda ta fi kawo ƙuri'a.

Mu a Sakkwato mun ɗanɗani duka biyun cikin shekara guda. Ranar 20 ga Janairu 2025, ranar da aka rantsar da Donald Trump karo na biyu, ya sa hannu a dakatar da tallafin ƙasashen waje na kwana 90, zuwa tsakiyar shekara an rushe hukumar USAID mai raba wannan tallafi. Wata 'yar maƙwabcina, ma'aikaciyar jinya ce a wata cibiyar kula da yara masu tamowa, ta shigo gidana da yamma ta nuna mini saƙon da aka turo musu a waya cewa a tsayar da aiki. Ta ce abin da ya fi damunta shi ne iyaye mata da ke tahowa daga ƙauye a bayan babur don karɓar abincin gyaɗar nan na leda, ba ta san me za ta faɗa musu ba. Babu ruwan wanda ya sa hannun da ita ko da cibiyarta. Ya yi wa masu zaɓensa alkawari ne cewa kuɗin harajinsu zai daina fita waje. Wata 11 bayan haka, zuciya ta farko ta motsa, ta aiko da makami mai linzami. Akwati ɗaya ne ya haifi takardar da makamin.

Ga yadda aka yi. A 1998 majalisar Amurka ta yi dokar kare 'yancin addini a duniya, bayan matsin lambar ƙungiyoyin addini, musamman Kiristoci 'yan Ibanjelika, wato Furotesta masu tsananin riƙo da Littafi Mai Tsarki da yaɗa bishara. Dokar ce ta samar da jerin ƙasashen da ake cewa abin damuwa ne na musamman. An sa Najeriya a ciki a Disamban 2020, a ƙarshen zangon Trump na farko. A Nuwamban 2021 gwamnatin Joe Biden ta cire mu, ana gobe-jibi sakataren harkokin wajenta Antony Blinken zai sauka Abuja. Ranar 31 ga Oktoba 2025 Trump ya mayar da mu, washegari ya yi barazanar shigowa da bindiga. Ku faɗa mini, ranku ya daɗe, me ya canza a Filato ko Binuwai ko Zamfara tsakanin 2020 da 2021 da ya isa a cire mu? Kashe-kashen ba su tsaya ba. Mai zama a Fadar White House ne ya canza. Kusan 8 cikin kowane 10 na fararen fata 'yan Ibanjelika Trump suka zaɓa a duk zaɓukan da ya tsaya, kuma maganar Kiristocin da ake zalunta a duniya tana taɓa su ƙwarai. Sanata Ted Cruz na Teksas ya kai ƙudiri majalisa kan Najeriya, ɗan majalisa Riley Moore ya ɗauki maganar ya yi ta yawo da ita, gidajen talabijin suka ɗauka. Shi kansa Trump ya faɗa wa 'yan jarida cewa da farko an shirya harin kafin ranar, shi ne ya ce a bari ya zama kyautar Kirsimeti. Kyauta ga wa? Ba ga mutanen Tangaza ba dai, waɗanda kusan dukkansu Musulmi ne, kuma su ne Lakurawa ke gallaza wa.

Wannan ba sabon abu ba ne a wurinsu, kuma ba halin jam'iyya ɗaya ba ne. Takunkumin da suka ƙaƙaba wa Kyuba tun 1962 ya wuce Tarayyar Sobiyet, ya wuce Fidel Castro. Tun 1992 babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ke ƙuri'ar a ɗage shi, ba a ɗage ba, domin 'yan asalin Kyuba da ke Filorida ƙuri'arsu na da nauyi. Ofishin jakadancinsu a Isra'ila, majalisa ta yi dokar mayar da shi Birnin Ƙudus tun 1995, shugabanni uku suka yi ta ɗagewa, Trump ya mayar a Mayun 2018, sannan a wani gangamin yaƙin neman zaɓe a 2020 ya ce don 'yan Ibanjelika ya yi. A Oktoban 1993 aka kashe musu soja 18 a Mogadishu, Amurkawa suka ga gawa a talabijin, Bill Clinton ya janye. Wata shida bayan haka aka fara kisan kiyashi a Ruwanda, Washinton ta kau da kai, don babu ɗan siyasar da zai iya sake tura yaran mutane Afirka a wannan lokaci. Har alherinsu ma daga gida yake tasowa. Shirin PEPFAR da George Bush ya kafa a 2003, wanda ya raya dubban masu cutar ƙanjamau a ƙasar nan, da goyon bayan waɗannan majami'u ya samu shiga. Ba na so a ce na zo zagin masu addinin wani ne.

Mu ma mun sha gani a cinikin makamai. A 2014, Boko Haram na cin garuruwa a Borno da Adamawa, Amurka ta hana Isra'ila sayar mana da jirage masu saukar ungulu samfurin Cobra, saboda dokar Leahy da ke hana taimaka wa rundunar da ake zargi da take haƙƙin ɗan Adam, dokar da masu rajin kare haƙƙi a can suke tsaye a kai. Da gwamnati ta canza, a 2017 aka amince a sayar mana da jiragen yaƙi samfurin Super Tucano 12, suka iso a 2021. Sojojinmu dai su ne na jiya.

To, kada ku ce na wanke mu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A watan Mayun 2022 aka kashe wata ɗaliba Kirista a wata kwaleji a cikin wannan birni, aka ƙona gawarta, aka ɗauka a waya duniya ta gani. Fadar Sarkin Musulmi ta yi tir da abin, amma shari'ar ba ta kai inda za a nuna wa duniya a ce ga hukunci ba. Wannan hoto yana cikin jakar duk mai son ya gamsar da ɗan majalisar Amurka cewa a Najeriya rai ba shi da mai tsaya masa. Ana kashe Kiristoci a ƙasar nan, gaskiya ne, an kashe limaman coci, an ƙona majami'u. Ana kashe Musulmi, an harbe masallata a sahu, an buɗe wuta a kasuwar Goronyo a Oktoban 2021, an ƙona matafiya da ransu cikin mota a yankin Sabon Birni a Disamban 2021. Bambancin shi ne gawar farko tana da mai ɗaukar labarinta zuwa Washinton, ta biyu ko sunanta ba mu rubuta ba. Wa ke da cikakken jerin mutanen gabashin Sakkwato da aka kashe daga 2018 zuwa yau, suna da gari da rana? In ku ba ku da shi, wa zai kasance da shi? Kuma kada mu manta, a ranar Kirsimetin 2024, shekara guda cif kafin na Jabo, jirgin sojanmu ne ya kashe mutanen ƙauye a ƙaramar hukumar Silame.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, duk lokacin da ake dafa wannan magana a can, kujerarmu babu kowa a kai. A Satumban 2023 Shugaba Tinubu ya kira dukkan jakadunmu gida, sai a ƙarshen 2025 aka aiko majalisar dattawa da sababbin sunaye, bayan barazana ta riga ta fito. Fiye da shekara biyu ƙasa mafi yawan jama'a a Afirka ba ta da cikakken jakada a Washinton. Ku ne masu tantance jakadu, ranku ya daɗe. Sau nawa ɗayanku ya miƙe a zaure ya tambaya ina suke? A tsakanin nan, a Yulin 2025, aka rage bizar 'yan Najeriya zuwa shiga sau ɗaya cikin wata uku, ministan harkokin waje Yusuf Tuggar ya fito ya ce ana matsa mana mu karɓi 'yan Benezuwela da Amurka ke kora. Wannan ma siyasar gida ce, domin korar baƙi na cikin manyan alkawuran zaɓen 2024. Wanda ya yi magana da babbar murya a waje a kan kada a sake sa mu cikin wancan jeri, a Oktoban 2025, shi ne Bishop Matthew Hassan Kukah na nan Sakkwato, mutumin da ya sha sukar gwamnati ba sani ba sabo. Ya sha zagi daga wasu mutanensa saboda haka. Ban ji wanda ya je ya yi masa godiya ba.

Bai kamata ma a koya muku wannan darasi ba, domin kun taɓa yin sa da kanku. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar, ECOWAS ta yi barazanar yaƙi, aka rufe iyaka, aka yanke wuta. Motocin albasa da hatsi suka yi layi a Illela, mutumin da ƙanwarsa ke aure a Ƙonni ya koma bin hanyar daji. Sanatocin Arewa suka ce ba za a yi ba, majalisar dattawa ta ƙi goyon bayan amfani da soja, Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ya shiga tawagar Janar Abdulsalami zuwa Yamai. Me ya tsayar da yaƙin? Jihohi 7 na Arewa da ke iyaka da Nijar, da harshe ɗaya, da addini ɗaya, da auratayya, da kuma sanin cewa duk wanda ya ɗaga hannu ya yarda ba zai iya dawowa gida neman ƙuri'a ba. Baturen da ya karanta sanarwar ECOWAS kawai, bai san Gobir da Adar da Kabi ba, zai rantse ana gobe za a shiga. Yadda ɗan majalisar Illela ke duban Ƙonni kafin ya yi magana, haka ɗan majalisar Teksas ke duban cocin garinsu.

Don haka ga roƙona. A Nuwamban 2026 Amurka za ta yi zaɓen rabin zango, duk kujeru 435 na majalisar wakilai da kusan kashi ɗaya cikin uku na dattawa. Duk lokacin da irin wannan zaɓe ya matso, ku sa ran sunan Najeriya zai sake fitowa a bakin masu neman ƙuri'a. Ku ɗauki matasa biyu ko uku daga cikin masu digirin kimiyyar siyasa da tarihi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke zaune ba aiki, ku ba su albashi, aikinsu kawai su riƙa karanta muku abin da ke gudana a kwamitocin majalisar Amurka: wa ya kawo ƙudiri, wace ƙungiya ke bayansa, wace mazaɓa yake karewa. Ba sirri ba ne. Tun 1938 suna da dokar da ta tilasta wa duk mai kamun ƙafa a madadin wata ƙasa ya yi rajista, takardun suna nan a intanet kowa na iya buɗewa. Kuɗin da za ku kashe bai kai na mota ɗaya a ayarinku ba.

Sannan ku kira ministocin tsaro da na harkokin waje gaban kwamiti, a buɗe, su faɗa bisa wane sharaɗi aka amince wata ƙasa ta yi harbi a cikin jiharmu, wa ke zaɓen wurin, wa zai biya diyya in an kuskure, kuma yaushe yarjejeniyar za ta ƙare. Taimakon da zai raba mu da Lakurawa da su Bello Turji muna so, ba girman kai muke yi ba. Amma in mutum ya ce zai ba ka riga, dubi ta wuyansa. Waɗanda suka bar Mogadishu a 1994, suka bar Kabul a 2021, suka kwashe kayansu daga Agadas a 2024, ranar da lissafin gida ya juya za su bar mu ma, mu kuwa Tangaza ba ta da inda za ta koma. Kuma in za ku tafi Washinton, kada ku tafi ku kaɗai da manyan riguna ku tsaya ɗaukar hoto. Ku tafi da limami da fasto daga gari ɗaya, da matar da aka kashe wa miji a Isa, da jerin sunayen nan da na ambata, ku nemi ganin majami'un da ke tura 'yan majalisar, tunda su ne iyayen gidan.

Ɗan ƙanwar tawa ya zo mini ziyara bayan sati biyu, da ɗan buhun albasa a bayan babur. Na zaunar da shi na yi masa wannan dogon bayani, tun daga Winthrop har Teksas. Ya saurara har na gama, ya kurɓi shayinsa, sai ya ce, "To Kawu, su waɗanda munka zaɓa, sun san wanga abu?" Na ce masa zan tambaye ku.

Wassalam.

Naku,
Tsohon malamin tarihi,
Sakkwato.